Wa ke riƙe da makarantun ƙaramar gunduma a Amurka, kuma ta yaya uwa za ta gane mai kyau?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na samu aiki a wani asibiti da ke wata ƙaramar gunduma a kudancin jihar Virginia ta Yamma. Za mu tare, ni da maigida da yara uku, kafin a koma makaranta a watan Agusta. Babban shekararsa 14, ta tsakiya 9, auta 4. Na duba makarantun wurin a intanet na ga an ba su maki biyu ko uku cikin goma, kuma wata abokiyar aiki ta ce gwamnatin jiha ta taɓa ƙwace makarantun wata gunduma da ke yankin. Wai wa ke tafiyar da makarantun nan ne? Kamar SUBEB da sakataren ilimi ne a gida? Makin nan kuma gaskiya ne, ko in nemi gida a wata gundumar in riƙa tuƙi zuwa aiki?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa a tare a sa'a, ya raya zuri'a. Abu uku kika ɗaure a ƙulli ɗaya: wa ke da wuƙa da nama a makarantun, me makin da kika gani yake aunawa, sannan ko ki zauna kusa da aiki ko ki ƙaura nesa saboda yara. Na koyar da lissafi shekaru a sakandaren wata ƙaramar gunduma cikin duwatsun Appalachia, yankin da jihar da za ki koma take ciki, daga baya aka mayar da ni babban ofis ina kula da sakamakon jarrabawa da rajistar zuwan yara. Zaman majalisar makarantu kuwa na halarta har na daina ƙirgawa. Daga abin da na gani a can zan ba ki amsa.

Ki fara ajiye tsarin gida gefe guda. A Najeriya tun dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 umarni daga sama yake gangarowa: UBEC a Abuja, SUBEB a jiha, sai sakataren ilimi a ƙaramar hukuma, wanda naɗa shi ake yi. A Amurka kundin tsarin mulkin tarayya ko ambaton ilimi bai yi ba, jihohi aka bar wa. A 1973 kotun ƙoli ta ƙara tabbatar da haka a shari'ar Rodriguez, wadda iyaye talakawa na San Antonio suka shigar: ta ce ilimi ba ya cikin haƙƙoƙin da kundin tarayya ya lamunce. Abin da Washington ke zubawa a makarantun gwamnati a shekarun da babu annoba bai cika kai kashi goma cikin ɗari ba, kuma yawancinsa ɗaure yake da yaran talakawa, da masu buƙata ta musamman, da abincin makaranta. Sauran jiha da haraji na cikin gari ke biya. Su kuma jihohi sun miƙa aikin yau da kullum ga hukumomin makarantu kimanin 13,000. Kowace jiha da yadda ta yanka nata. Hawaii hukuma ɗaya ce tal, Texas tana da fiye da dubu. Virginia ta Yamma tun 1933 ta ce kowace gunduma hukuma ɗaya, gundumomi 55, hukumomi 55.

Mutum biyar da sufuritanda

A gundumar da za ki zauna mutum biyar ne ke riƙe da makarantu. Zaɓensu ake yi, ba a ƙarƙashin tutar jam'iyya ba, wa'adin shekara huɗu, ana kaɗa musu ƙuri'a ranar zaɓen fidda gwani a watan Mayu. Doka ta hana fiye da biyu su fito daga yanki ɗaya na gundumar, don kada mutanen babban gari su cinye kujerun su bar na cikin kwari. Ba a neman digiri, takardar gama sakandare ta wadatar. Waɗanda na yi zamani da su sun haɗa da tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya, da mai shagon kayan gini, da fasto, da wani tsohon mahaƙin kwal. Shugabannin gunduma, waɗanda ke kula da ginin kotu da kasafin ofishin sharif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, ba su da ta cewa a makaranta. Wannan ya kan ba mutanenmu mamaki, don mun saba ciyaman ya zama uban kowa.

Su biyar ɗin su ke amincewa da kasafin kuɗi, su kafa ƙa'idoji, su sa hannu a ɗaukar ma'aikata, su yanke shawarar gina makaranta ko rufe ta. Babban aikinsu shi ne ɗaukar mutum ɗaya, sufuritanda, a kan kwangila, da sallamarsa idan ya gaza. Shi ne ke tafiyar da komai kullum: shugabannin makarantu a ƙarƙashinsa suke, da motocin ɗaukar yara, da ɗakunan girki, da ma'aji. A Florida da Alabama har yau akwai gundumomin da jama'a ke zaɓen sufuritanda kai tsaye. Mississippi ta daina hakan daga 2019, kuma a ganina ta yi daidai, don wanda zai nemi ƙuri'ar malami da wuya ya iya tsawatar masa. Manhaja da jarrabawa da lasisin malamai da mafi ƙarancin albashi duk daga Charleston, babban birnin jiha, suke zuwa.

A takarda tsarin ya tsaru. Majalisa ta faɗi inda za a je, sufuritanda ya ja motar. Ɗan majalisa shi kaɗai ba shi da ikon umartar ko mai shara, ikonsa sai an zauna an kaɗa ƙuri'a. Inda abin ke lalacewa a ƙaramar gunduma shi ne a nan: hukumar makarantu galibi ita ce ta fi kowa ɗaukar ma'aikata, ko kuma ta biyu bayan asibiti. Inda ma'adinai suka rufe, aikin tuƙin motar makaranta ko girki, mai inshorar lafiya da fansho, abin rububi ne. Kowa kuma ɗan uwan kowa ne, ko surukinsa, ko coci ɗaya suke zuwa. Sai ɗan majalisa ya wayi gari mutane na tare shi a gidan mai, wannan na nema wa 'yarsa aiki, wancan na ƙarar kocin ƙwallo don bai sa ɗansa a wasa ba. Wanda ba shi da ƙashin baya sai ya ɗauki waya ya kira shugaban makaranta kai tsaye. Daga ranar da aka fara haka, shugaban makaranta ya samu iyayen gida shida maimakon ɗaya.

Na taɓa zama a wani taro da aka shafe fiye da awa guda ana ce-ce-ku-ce kan wanda za a ba kocin ƙwallon sakandare, zaure cike maƙil. Da aka zo kan rahotona na karatun 'yan aji uku, wanda ya nuna fiye da rabinsu ba su kai matakin da ake so ba, kujeru sun riga sun zama wayam, kuma ba wanda ya yi mini tambaya ko ɗaya. Mutanen nan ba miyagu ba ne, suna son yaran garinsu. Amma abin da masu ƙuri'a ke damunsu da shi, shi suke saurara. Kentucky, maƙwabciyarku, ta ɗanɗana wannan har kotun ƙolinta a 1989 ta rushe tsarin makarantun jihar ɗungurungum. Dokar gyaran da ta biyo baya a 1990 ta taƙaita ɗaukar dangin 'yan majalisa da na sufuritanda, ta kuma ba kwamitin malamai da iyaye iko a kowace makaranta.

Kuɗi

Kuɗin jiha bin kan ɗalibi yake yi. Ana ƙirga yara, a lissafa malamai da ma'aikata nawa suka kamaci wannan adadi, a cire abin da harajin gidaje da filaye da kayan masana'antu na gundumar zai iya kawowa, jiha ta cike gurbin. Wannan tsari bai faɗo daga sama ba. Wasu iyaye a gundumar Lincoln ne suka kai ƙara a shekarun 1970 kan halin da makarantun 'ya'yansu ke ciki, kotun ƙolin jiha ta ba su gaskiya a 1979 cewa kundin jihar ya wajabta ilimi ingantacce, sannan a 1982 alƙali Arthur Recht ya yanke hukuncin da har yau ake kiransa da sunansa, ya ce yadda ake raba kuɗin ya saɓa wa kundin.

Duk da haka ba a daidaita ba, saboda akwai ƙarin haraji da kowace gunduma ke iya ɗora wa kanta ta hanyar ƙuri'ar jama'a, na 'yan shekaru, a sake sabuntawa. Da shi ake biyan ƙarin albashi, da littattafai, da ma'aikatan jinya na makaranta, da wasanni. Wasu gundumomin suna da shi, wasu sun kayar da shi. Ki tambaya tun kafin ki sa hannu a takardar haya: gundumar nan tana da ƙarin harajin makarantu, kuma da wane rinjaye ya wuce a zaɓen baya? Amsar za ta gaya miki yadda jama'a suka yarda da su biyar ɗin nan fiye da duk wani maki na intanet.

Babban ciwon ƙaramar gunduma raguwar yara ne. Kusan kashi huɗu cikin biyar na kasafin albashi ne da haƙƙoƙin ma'aikata. A ce yara hamsin sun bar gundumar bana. Ba daga aji ɗaya suka fita ba, biyu nan uku can, don haka babu ajin da za a rufe, babu hanyar mota da za a soke, rufin da ke yoyo kuma bai daina ba, amma kuɗin yara hamsin ya tafi. Shi ya sa duk bazara ake rabon takardun sallama da canjin wurin aiki, kuma sababbin malamai su ke fara tafiya saboda ana bin daɗewa a aiki. In abin ya ci tura sai a zo kan haɗe makarantu, wanda doka ta ce sai an saurari jama'a kuma majalisar ilimi ta jiha ta amince. Babu rigimar da ke raba gari irin wannan. Ƙauyen da aka rufe wa makaranta ya san ya fara mutuwa. Yaro kuma zai riƙa fita da duhu yana zagaya duwatsu. Jihar tana da ƙa'idar da ta ba da shawarar kada tafiyar ɗan firamare ta wuce minti 30, ɗan tsakiya 45, ɗan babbar sakandare awa guda, amma a cikin kwarurruka ana zarce ta. Tun bayan dokar 2021 da ta ba iyaye damar karɓar kason ɗansu na jiha su kai shi makarantar kuɗi ko su koyar da shi a gida, yoyon ya ƙaru.

Maganar ƙwace makarantu

Abokiyar aikinki ba ta yi ƙarya ba. Majalisar ilimi ta jiha tana da ikon karɓe gunduma: ta cire sufuritanda ta naɗa nata, ta ƙwace ikon kuɗi da na ɗaukar ma'aikata daga hannun zaɓaɓɓu, su zama 'yan kallo. An fara da gundumar Logan a 1992, an yi wa Mingo da Lincoln, kuma a 2023 an yi wa Upshur kan yadda aka kashe kuɗin tallafin korona na tarayya.

Wadda ta fi koyar da darasi ita ce McDowell, can ƙuryar kudu. A 1950 mutanenta sun kusa 100,000, kwal na tashi, garin Welch, hedikwatar gundumar, na cika yana batsewa. Injina suka maye gurbin mahaƙa, kamfanoni suka tattara. A can aka fara raba takardun tallafin abinci na gwamnatin Kennedy a 1961. Ƙidayar 2020 ta samu mutum 19,111. Jiha ta karɓe makarantunta a 2001 bayan masu bincike sun tarar da gine-gine masu haɗari da ƙazanta, da ɗaukar ma'aikata ba bisa ƙa'ida ba, ga ambaliyar 2001 da ta 2002 ta ƙara ɓarna. Shekara goma sha biyu jiha na riƙe da su, sai 2013 aka mayar wa 'yan gari. A tsakanin an gina sababbin makarantu nesa da bakin kogi, an haɗe sakandaren Big Creek da ta Iaeger aka buɗe River View a 2010, an gyara littattafan kuɗi. Karatun yara kuwa ya ci gaba da zama a sahun ƙasa na jihar.

Dalili a fili yake ga duk wanda ya shiga aji a yankin. Ƙwayoyin kashe zafi sun cinye iyaye, yara da yawa hannun kakanni suke, wasu iyayen suna kurkuku. Malami mai lasisin lissafi ko kimiyya ba ya samun gidan haya mai kyau a garin, sai ya zauna a wata gundumar ya riƙa tuƙi, da ya samu gurbi kusa da gida ya tafi. Wannan ne ya sa a 2011 wata ƙungiyar malamai ta ƙasa ƙarƙashin Randi Weingarten, tare da Gayle Manchin, matar tsohon gwamnan jihar, suka kafa wata haɗaka ta farfaɗo da McDowell, kuma abin da ya fi fitowa fili cikin ayyukansu shi ne gina gidajen malamai a tsakiyar Welch. Ki duba fa, masu son gyara karatu sun ƙare da aikin birkiloli, kuma suna da gaskiya.

Abin da na fahimta shi ne ƙwacewa tana maganin abin da oda za ta iya gyarawa: kuɗin da ya ɓata, ɗaukar aiki ta bayan gida, gini mai haɗari. Ba ta iya haifar da malamin kimiyya a inda babu, ba ta kuma canza halin masu zaɓe. Logan da aka fara karɓewa a 1992, har ana kafa misali da ita wajen nasara, an sake karɓe ta a 2022. Don haka in kin ji an taɓa ƙwace gunduma, ki tambayi dalili da shekara, da ko mutanen da suka jawo abin suna nan kan kujerunsu.

Makin biyu cikin goma

Shafukan da ke ba makarantu maki sun dogara sosai da sakamakon jarrabawar jiha, wadda dokar tarayya ta wajabta a karatu da lissafi daga aji uku zuwa takwas, da sau ɗaya a babbar sakandare. Tun rahoton Coleman na 1966, wani babban bincike da gwamnatin tarayya ta sa aka yi kan makarantu, aka san cewa wannan sakamako yana bin halin gidan da yaro ya fito fiye da yadda yake bin makarantar. Makarantar 'ya'yan likitoci za ta ci tara ko da malamanta barci suke yi. Makin biyu ya gaya miki akwai talauci a yankin, abin da za ki gani da idonki ranar da kika isa. Bai gaya miki ko malamar aji huɗu ta iya aikinta ba.

Ma'aunin da ya fi shi shi ne ci gaba: yaron da ya shigo a wannan mataki, ina ya kai bayan shekara? Farfesa Sean Reardon na jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun tattara sakamakon hukumomin makarantu na ƙasar baki ɗaya, suka nuna cewa wurare matalauta da dama suna ciyar da yara gaba da sauri fiye da wasu wuraren masu arziki. Bayanan suna buɗe a intanet, kina iya neman gundumarki. Ma'aikatar ilimi ta jiharku ma tana fitar da katin sakamako na kowace makaranta duk shekara, da ci gaba da zuwan yara a ciki.

Sai dai ki yi hattara da ƙananan lambobi. Makarantar da 'yan aji huɗunta 25 ne, yaro ɗaya kashi huɗu ne cikin ɗari. Iyali biyu suka ƙaura, sai ki ga makaranta ta "faɗi" ko ta "tashi" da kashi goma alhali ba abin da ya canza. Na sha ganin an yi wa shugabar makaranta tafi a bana, baɗi a kira ta a tuhume ta, ita kuwa aikinta ɗaya take yi. Ki haɗa shekara uku zuwa biyar kafin ki yanke hukunci. Adadin masu gama sakandare kuma kada ya ruɗe ki. Yakan yi kyau ƙwarai ko a inda karatu ya yi rauni, saboda akwai hanyoyin cike gibin darasi a kwamfuta da ake tura yaro ya bi don ya fita da takarda.

Ni da zan zaɓa wa 'ya'yana, lambar da zan fara nema ita ce ta masu yawan fashi, wato yaran da suka rasa kashi goma cikin ɗari na kwanakin karatu, kwana 18 cikin 180. Inda fashi ya yi yawa, malami kullum baya yake komawa don waɗanda ba su zo jiya ba, kuma ɗanki mai zuwa kullum shi ma ya sha jira. Ta biyu, ajujuwa nawa ne ke hannun malamin cike gurbi ko wanda ba fanninsa ba. Kada ki tambaya a dunƙule. Ki ce wa shugaban sakandare: wa ke koyar da aljabara da kimiyyar sinadarai bana, yana da lasisin fannin, shekararsa nawa a nan? Ta uku, sufuritanda nawa aka yi cikin shekara goma. In sun kai huɗu ko biyar, ruwa ba ya tsami banza, majalisar ce ke da matsala, kuma kowane sabo zai zo da sabon shiri a watsar da na baya.

Talauci kuma ba hukuncin ƙarshe ba ne. Mississippi, wadda ta fi kusan kowace jiha talauci, ta kafa dokar karatu a 2013, ta horar da malaman firamare kan koyar da haɗa baƙi da sauti, ta tura masu taimaka musu cikin aji. A jarrabawar ƙasa ta karatun 'yan aji huɗu ta taso daga ta 49 a 2013 zuwa ta 29 a 2019. Jiharku ta bi sahu da irin wannan doka a 2023, har da ƙarin mataimaka a ƙananan ajujuwa. Ki tambayi makarantar 'yarki ta tsakiya yadda suke aiwatar da ita, ki lura ko shugabar za ta amsa da sunan manhaja da jadawalin gwaji ko da zance mai daɗi.

To, ki zauna ko ki ƙaura?

Yaranki uku ba matsayinsu ɗaya ba. Auta ta yi sa'a, jihar tana da ajin share fage kyauta ga duk ɗan shekara huɗu, kuma abin a yaba ne. Ta tsakiya ma ban damu da ita sosai ba. Yarinyar da iyayenta suka yi boko, ake duba littafinta da dare, takan yi kyau a ƙaramar firamare, inda malama ta san sunan kowa. In Turancinta na buƙatar tallafi, haƙƙinta ne tun hukuncin kotun ƙoli na 1974, sai dai a ƙaramar gunduma malami ɗaya ne kan zagaya makarantu da yawa don wannan aiki. Ki kuma kula kada a ji harshenta ya bambanta a ɗauka ba ta jin Turanci. Ki je da sakamakonta na gida, ki nemi a gwada ta kafin a yanke mata aji.

Babban ne abin tunani. A shekara 14 zai shiga aji tara, wato shekarar farko ta babbar sakandare, kuma daga nan duk makin da ya ci yana cikin takardar da jami'a za ta gani. Raunin ƙaramar sakandare ƙarancin darussa ne: wataƙila babu lissafi mai zurfi, ko kimiyyar lissafi sai shekara bi shekara, ko kuma a kwamfuta ba malami a gaba. Ki nemi jerin darussan da aka koyar a zahiri bara, ba waɗanda ke cikin ƙasida ba. Ki tambayi yarjejeniyarsu da kwalejin da ke kusa, wadda ke ba ɗan sakandare damar ɗaukar darasin jami'a. In waɗannan suna nan, yaro mai himma yakan yi fice a ƙaramar makaranta, malamai su san shi su rubuta masa shaida mai nauyi. In babu su, a nan ne ƙaura ta cancanci tunani. Kafin nan ki tambayi dokar canjin makaranta tsakanin gundumomi, don jihar ta sassauta ta, ko da yake kai yaro da ɗauko shi zai iya zama a wuyanku.

Ki sa tuƙin a ma'auni da gaske. Mai aikin awa goma sha biyu a asibiti, ta ƙara awa guda zuwa awa guda dawowa a hanyar dutse mai lanƙwasa, cikin dusar ƙanƙara da hazo, ta sayar da lokacin da za ta zauna da yaran ne don ta sayi maki biyu a intanet. Na ga iyalan da suka yi hakan suka dawo.

Maganar addini, tun da na san tana ranki ko ba ki faɗa ba. Makarantar gwamnati ba ta da ikon hana 'yarki ɗankwali ko hana ɗanki salla a lokacin da ba na darasi ba, ba ta kuma da ikon tilasta musu wata ibada. Hukuncin 1943 da ya hana tilasta wa ɗalibi gaisuwar tuta ma daga jiharku ya taso. Amma wataƙila 'ya'yanki ne Musulmi na farko da wasu malaman za su koyar. Ki je da kanki a makon farko ki yi bayanin naman alade, wanda ke yawan shiga abincin makaranta a yankin, da azumi, da ranakun Salla, ki kuma rubuta a takarda. Mutanen duwatsu ba sa saurin sakin jiki da baƙo, amma suna girmama mai jinyar tsofaffinsu, kuma wannan jari ne a hannunki.

Duk abin da na faɗa kan zaɓe da haraji na Virginia ta Yamma ne. Kina tsallaka iyaka zuwa Virginia sai ki tarar majalisar makarantu ba ta da ikon ɗora haraji, sai ta miƙa ƙoƙon bara ga shugabannin gunduma. Kuma daga nesa ba mai iya auna miki makaranta guda, ni ma haka. Gani ya kori ji. Zaman majalisar a buɗe yake bisa doka, ana liƙa ajanda tun kafin ranar, kowa na iya rubuta sunansa ya yi magana na 'yan mintuna, ba a tambayar fasfo. Ƙuri'a ce kawai sai ɗan ƙasa. Kafin ki tare, ki buɗe shafin hukumar ki karanta rubutattun bayanan zama na wata shida da suka wuce. Ki ƙirga sau nawa aka ambaci karatu da fashin yara, sau nawa aka shiga ganawar sirri kan ma'aikata, malamai nawa suka ajiye aiki a tsakiyar zango, da ko ƙuri'a kullum uku da biyu take fita da fuskoki iri ɗaya. Bayan kin tare kuma ki tambayi shugabar makarantar 'yarki yaushe ne zaman kwamitin inganta makaranta, wanda doka ta kafa a kowace makarantar jihar da kujerun iyaye a ciki. A inda na yi aiki, sau da yawa kujerun nan sai an yi roƙo kafin a samu mai zama.